Gizo a teburin zane: amsa ga wata ɗalibar injiniya

Wata ɗaliba da ke karatun injiniyan gine-gine a Birnin Kebbi ta rubuto tana cewa an ba ajinsu aiki: kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin taurarin tatsuniya, ya ƙaddara cewa tare suke tsara rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana domin wani ƙauye, sannan ya rubuta yadda aikin zai gudana. Tambayarta ita ce ko wannan ba wasan yara ba ne da aka cusa cikin karatun lissafi da ƙarfe da kankare, kuma idan akwai amfani a cikinsa, wa ya kamata ta ɗauka abokin aiki.

'Yata, wannan aiki ba wasa ba ne, kuma idan kin yi shi da gaske zai koya miki abin da darasin lissafi shi kaɗai ba zai koya miki ba. Shawarata ita ce ki ɗauki Gizo, amma ki san kujerar da za ki zaunar da shi a kai. Kada ki ba shi alƙalamin zane, kada kuma ki ba shi jakar kuɗin sayayya. Ki gama zanenki tsaf, ki shimfiɗa masa shi a kan tebur, ki ce ya nuna miki duk ƙofar da zai bi ya ci moriyar aikin ko ya lalata shi. Bayan haka ki nemi izinin malaminku ki ƙara kujeru, domin akwai wasu da Gizo ba zai iya yin magana a madadinsu ba.

Ya kamata ki san cewa masana kimiyya da injiniyoyi sun daɗe suna aiki da abokan da babu su a zahiri. A shekarar 1867 masanin kimiyyar nan James Clerk Maxwell ya ƙirƙiro wata 'yar halitta da ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin ɗakuna biyu masu iska, tana barin ƙwayoyin da ke gudu da sauri su wuce gefe ɗaya, masu nawa kuma su tsaya a ɗaya gefen, domin ya gwada iyakar dokar zafi. Wannan halitta ta tunani ta sa masana muhawara fiye da shekara ɗari. A 1978 masanan da suka fito da tsarin ɓoye saƙo na RSA sun yi bayaninsa ta bakin mutum biyu na ƙage, Alice da Bob, daga baya kuma masu wannan fanni suka ƙara Eve, wadda aikinta shi ne laɓewa ta saurari abin da ba nata ba. Har yau duk mai tsara tsaron banki ko na wayar hannu sai ya tambayi kansa abin da Eve za ta iya ji. Dalilin da ya sa wannan dabara take aiki a bayyane yake. Idan aka ce wa mutum ya lissafa hanyoyin da aikinsa zai iya lalacewa, zai kawo uku ko huɗu ya tsaya, domin zuciya ba ta son kushe abin da hannu ya yi. Amma idan aka ba lalacewar fuska da hali da buƙata, aka ce ga wani mai kwaɗayi da wayo yana zagaya aikinka da dare, sai tunani ya buɗe. Injiniyoyin kamfanin sinadarai na ICI a Ingila sun mayar da irin wannan tambaya tsari a shekarun 1960, inda ake bin kowane bututu da kalmomi ƙayyadaddu: idan babu, idan ya yi yawa, idan ya yi kaɗan, idan ya koma baya. Mu kuwa muna da Gizo tun muna zaune gaban kakanninmu bayan sallar isha'i, mun san halinsa fiye da yadda wani ɗalibi a Turai ya san Eve.

Bari mu ɗauki aikin naku mu sa masa lambobi na misali. A ce ƙauyen yana da mutum 1,000, kowa kuma an yi masa lissafin lita 20 a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake ɗauka ya ishi sha da girki da ɗan tsafta. Ke nan ana bukatar lita 20,000 kullum. Idan daga saman ruwan da ke cikin rijiya zuwa bakin tanki, haɗe da asarar gogayya cikin bututu, ya kai mita 60, ƙarfin da ake bukata domin ɗaga wannan ruwa ya kai kusan kilowat-awa 3.3. Famfo da na'urar sarrafa wuta ba sa mayar da duk wutar da suka sha ta zama aiki, saboda haka idan kin ɗauki kashi 45 cikin 100, bukatar ta haura kilowat-awa 7. A yankinmu ana iya lissafin awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, wanda zai ba ki faifan sola na kusan kilowat 1.3, sai ki ƙara rara saboda zafin bazara da ƙurar hunturu, waɗanda dukansu suke rage abin da faifai ke bayarwa. Wannan lissafi daidai ne, kuma duk ɗalibin da ya kawo shi zai ci maki. Yanzu sai ki miƙa wa Gizo takardar.

Abu na farko da zai lura da shi shi ne ruwan kyauta ne, alhali a ƙauyen da ke gaba ana sayar da jarka. Zai samo kurar turawa mai ɗaukar jarka 12 masu lita 25, wato lita 300 a sawu ɗaya, kuma idan ya yi sawu goma shi da yaransa ya kwashe lita 3,000. Zai je ya gaya wa makiyayan da ke mashekari kusa cewa ba sai sun kora shanu zuwa gulbi ba, kuma shanu ɗari masu shan lita 30 kowace a lokacin zafi sun ɗauke wata lita 3,000. Kafin ya kira mai buga bulo ya kafa wurin aikinsa a gindin tanki, bukatar da kika lissafa ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Zai ga waya ta sauko daga faifan sola, ya ce wutar Allah ce, ya feɗe ta ya jona wurin cajin waya. Zai kwance kan famfo na tagulla ya kai kasuwa, a wayi gari an toshe bututu da tsumma da itace, ruwa na tsiyaya dare da rana. Mafi muni kuma, idan bazara ta yi nisa ruwan rijiya ya ja baya, na'urar da kika sa domin ta tsayar da famfo idan ruwa ya yi ƙasa za ta riƙa kashe shi, sai Gizo ya zo a matsayin mai gyara, ya haɗe wayoyin na'urar biyu, ruwa ya dawo, jama'a su yi masa godiya. Bayan 'yan kwanaki famfon ya ƙone, domin irin famfon da ake zurawa cikin rijiya ruwan da yake turawa ne ke sanyaya injinsa.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dabaru tana da amsa a zane, kuma amsoshin ba duka ne na kulle da ƙarfe ba. Faifai a ɗora su sama a kan ƙarfen da aka yi wa walda, da notunan da ba sa kwantuwa da sifana ta kasuwa. Na'urar sarrafa famfo ta shiga akwatin ƙarfe mai makulli, a kuma zura famfon bisa sakamakon gwajin jan ruwa, tare da la'akari da inda ruwa ke sauka a ƙarshen rani. Wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai saboda ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce: yawancin arewaci da tsakiyar Kebbi suna kan shimfiɗar yashi da laka mai riƙe ruwa sosai, ciki har da wadda masana suka laƙaba wa sunan Gwandu, amma wajen Zuru da Yawuri da babban ɓangaren Zamfara dutse ne a ƙasa, ruwa yana cikin tsagoginsa ne kawai, kuma rijiya na iya ba da kaɗan. Game da makiyayi da mai garuwa kuwa, ra'ayina shi ne kada ki yi ƙoƙarin korarsu da shinge, domin bukatarsu ta gaskiya ce kuma za su dawo. Ki sa su cikin lissafi tun farko, ki ware kwamin shayar da dabbobi nesa da wurin ɗibar mutane, ki ware famfo ɗaya na masu saye da yawa, kuɗin da suke biya ya zama asusun gyara a hannun kwamitin gari. Akwai kuma ƙa'idar da injiniyan Japan Shigeo Shingo ya yaɗa a masana'antar Toyota, cewa a ƙera abu yadda ba zai yiwu a haɗa shi ba daidai ba, kamar yadda aka yanke kusurwa ɗaya ta katin layin waya domin kada ya shiga a juye. Duk inda za ki iya yin haka, ya fi ki rubuta gargaɗi a allo.

Tatsuniyar Gizo da hankaki tana da wani darasi da ya shafi wannan aiki kai tsaye. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙe su, kowane ya ara masa gashi ɗaya har ya iya tashi, da kwaɗayinsa ya ishe su sai kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can ba hanyar dawowa. Ki tambayi kanki gashin wa aikinki yake tashi da shi. Idan famfon da kika zaɓa ba a samun kayan gyaransa a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato, idan babu wani makaniki a ƙaramar hukumar da ya taɓa buɗe irin na'urar, to ranar da ƙungiyar da ta ba da kuɗi ta tattara ta tafi, ƙauyen ya zama Gizo a kan ɓaure. Tankuna da yawa da ake gani tsaye a bushe a bakin hanyoyinmu ba rashin ruwa a ƙasa ne ya kashe su ba, wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace aka rasa mai shi da kuɗinsa.

A nan akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, domin a kansa ne wannan dabara take iya karkacewa ta zama raini. Idan kin zauna kina kallon mutanen ƙauye a matsayin Gizo, za ki tsara aikin da ke zargin waɗanda aka yi shi dominsu. Gaskiyar magana ita ce Gizo ya fi yawan zama a ɓangarenmu na tebur, sanye da hular kwano. Lita 20,000 na ruwa nauyin tan 20 ne a saman ginshiƙai, ga kuma iskar farkon damina tana bugun tankin daga gefe. Idan zane ya ce a sa rodi mai kaurin milimita 16, ɗan kwangila ya sa mai 12, ido zai ga bambancin kaɗan ne, amma faɗin bakin na farko murabba'in milimita 201 ne, na biyun kuma 113, ke nan an zare kashi 44 cikin 100 na ƙarfen, sannan aka zuba kankare aka rufe shaidar. Haka ake rage siminti a ƙara yashi, haka ake haƙa mita 45 a rubuta 70. A tatsuniya, manomin da Gizo ke yi wa sata bai tsaya yi masa wa'azi ba, ya kafa mutum-mutumin danko a gona, Gizo ya mare shi hannu ya manne, ya harbe shi ƙafa ta manne, har gari ya waye a kansa. Dankon injiniya shi ne binciken da aka rubuta cikin yarjejeniya tun kafin a fara: ba a zuba kankare sai mai duba aiki ya ga rodi ya auna ya sa hannu, a ɗebi samfurin kankare a matse shi a kwana 7 da kwana 28, a auna zurfin rijiya a gaban wakilan gari, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har aikin ya ga rani ɗaya. Idan rubutunki ya nuna Gizo a matsayin mai amfani da ruwa kawai bai nuna shi a matsayin mai gini ba, rabin aikin kika yi.

Sai labarin giwa da dorina, inda Gizo ya ba kowace bakin igiya ɗaya, ya ce da ita shi ne zai ja ɗaya bakin, suka wuni suna jan juna, kowace tana mamakin ƙarfin Gizo. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan mai haƙa rijiya da mai haɗa sola ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, sai ta bakin wani a tsakani. A 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi yana ba da lambobi da ma'aunin fam, ɗaya rukunin yana karanta su a matsayin ma'aunin mita da kilo. A aikinki, ki tabbata takarda ɗaya ce mai ɗauke da zurfi da yawan ruwan da rijiya ke bayarwa a awa take hannun kowa.

Kujera ta biyu ta Ƙoƙi ce, matar Gizo, wadda a tatsuniya ita ce mai haƙuri da hankali, ita ke ɗaukar wahalar abin da mijinta ya jawo, kuma ba a cika tambayarta ra'ayi ba. A ƙauyen da kuke tsara wa rijiya, ita ce mai amfani da ruwan, amma ranar da aka taru a ƙofar gidan hakimi domin zaɓen wurin haƙa, da wuya a ji muryarta. Da za a tambaye ta, za ta ce famfon sola ya fi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, ita kuwa bukatarta da sassafe ce da kuma bayan la'asar, saboda haka tankin da ba ya riƙe ruwan yini guda bai amfane ta ba. Za ta ce jarka cike nauyin kilo 25 ce, a yi dakali mai tsayin da za a ɗora ta kafin a kai ka. Za ta ce a gidaje da yawa matan aure ba sa fita ɗiba, yara ake aikawa, don haka kan famfo ya zama inda hannun ɗan shekara takwas zai kai, kuma kada a sa shi a tsallaken titin mota. Za ta ce ruwan da ke zuba a ƙasa a yi masa magudana zuwa rami mai tsakuwa ko ɗan lambu, domin kwatami a gindin famfo gidan sauro ne. Ke kina da wata dama a nan da abokan karatunki maza ba su da ita, domin za ki iya yin sallama ki shiga cikin gida ki zauna a tabarma ki ji wannan daga bakin masu shi.

Wanda na fi so ki ba lokaci bayan Gizo shi ne Ɗan Auta, yaron da a wata ruwayar iyayensa suka bar wasiyya kada a bar shi ya yi kuka, ya zama duk abin da ya gani sai ya taɓa, har rumbu ya cinna wa wuta. A wurin injiniya, Auta shi ne yaron da ba ya karanta gargaɗi, mai rarrafe a ƙasa, mai kai hannu baki, mai hawa tsanin tanki, mai leƙa ramin da aka bari a buɗe. Jihar Zamfara ta ga abin da mantawa da shi ke jawowa. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma aka gano girman abin a Bagega. Dutsen da ake haƙowa domin zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a busashe da injin niƙan hatsi, wani lokaci a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke wasa, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin shan dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Injin niƙan bai lalace ba, ya yi aikin da aka ƙera shi ya yi, sai dai an ba shi abin da maƙerinsa bai taɓa tunani ba, a wurin da mafi rauni a gida yake zaune. Maganin ma sai da ya bi ta hannun injiniyoyi kafin likitoci, domin ba a iya ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa cutar: sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai 2013. Daga baya aka riƙa ƙarfafa niƙa da ruwa a wajen gari domin kashe ƙura. Idan kin zaunar da Auta a teburinki, za ki cire matakan ƙasa na tsanin tanki, ki rufe kowane rami, ki binne waya cikin bututu, kuma ki kai samfurin ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha, musamman idan ana haƙar ma'adinai a kusa.

Akwai kuma Dodo. A tatsuniyoyi da dama yana zaune a ruwa, yana taimakon mai neman tsallakewa bisa alkawarin abin da zai karɓa nan gaba, sai an manta da shi, yarinyar da aka yi alkawarin ba shi ta girma ana shirin bikinta, sannan ya fito ya ce a cika masa. Ga mai aikin ruwa, wannan shi ne babbar ambaliya da kuma gyaran da aka jinkirta. Abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari ba yana nufin sai bayan shekara ɗari take zuwa ba, yana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, kuma idan gini zai rayu shekara 30, yiwuwar ya gamu da ita ta kai kusan kashi 26 cikin 100. A ƙarshen watan Satumba na 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka rasa rayuka da gidaje. Ga rijiyarki, tambayar Dodo mai sauƙi ce: idan wurin fadama ne ko kusa da gulbi, ina ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace cika? Tsofaffin gari za su nuna miki alamar a jikin bishiya ko katanga, sai ki ɗaga bakin rijiya da akwatin wuta sama da nan, ki kuma toshe kewayen bututun da siminti domin kada ruwan saman ƙasa da na masai ya gangara ciki.

Ina ganin babu misalin da ya fi Bakolori nuna abin da kujerun da babu kowa a kansu suke jawowa. An kammala madatsar a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da kadada 23,000. Ta fuskar ƙarfe da kankare aikin ya tsaya. Amma manoman da ruwa ya ci gonakinsu da waɗanda aka hana noma shekaru ana gyaran fili ba su gamsu da diyya ba, rikicin ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka masu yawa. Mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara ga ambaliyar da ke cika fadama kowace damina, sun ga ruwan ya ragu ba tare da an sa su cikin lissafi ba. Babban ɓangaren filin kuma an tsara shi da na'urorin feshin ruwa masu bukatar wuta da kayan gyara daga waje, suka daina aiki, har sai da wani shiri na Bankin Duniya ya zo bayan shekaru da dama ana mayar da wani sashe zuwa ban-ruwa ta magudana. Gashin aro, da Ƙoƙin da ba a tambaya ba, da Dodon da ya dawo karɓar alkawari, duk suna cikin wannan tarihi guda.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kuma ya kamata rubutunki ya nuna kin san ta. Gizo yana kawo tambaya, ba ya kawo lamba. Zai gaya miki makiyaya za su zo, amma yawan shanun da ke kwana kusa da ƙauyen a watan Afrilu sai kin je kin ƙirga ko kin tambayi ardo. A tatsuniya Gizo kan kuɓuta da daɗin baki, ginshiƙin da aka rage wa rodi kuwa ba ya sauraron kowa. Haka kuma halayen tatsuniya a tsaye suke, kowa da hali ɗaya, alhali mutumin da ya jona wayar caji yau yana iya zama shi ne mafi dacewa a ba shi makullin akwati da ɗan albashi gobe, tunda ya nuna yana da hannu da sha'awa.

Game da yadda za ki tsara abin da za ki miƙa, ki fara da lissafinki na asali da zanen farko, ba tare da kin gyara komai ba. Sannan ki yi jadawali: abin da Gizo ko Ƙoƙi ko Auta ko Dodo ya faɗa, illar da zai haifar, yawan yiwuwar faruwarsa, sauƙin gano shi kafin ya yi ɓarna, canjin da kika yi a zane, da kuɗin da canjin ya ƙara. Ba kowace barazana ce za ki iya saye wa magani ba, don haka ki jera su bisa nauyi, ki sa abin da ya shafi rai a sama, ki kuma rubuta a fili waɗanda kika bari da dalilinki. Daga nan ki kawo zane na biyu kusa da na farko domin mai dubawa ya ga bambancin da idonsa. Idan hali ya yi, kafin ki miƙa, ki ziyarci rijiyar sola ɗaya da ke aiki da ɗaya da ta mutu a ƙauyukan da ke kusa da ku, ki tambayi mai riƙe da makulli da matan unguwa abin da ya faru, ki ƙara abin da suka faɗa cikin jadawalin a ƙarƙashin sunan wanda ya dace daga cikin abokan aikin naki huɗu.